Laftop ɗina na yin shuɗin sikirin da na kunna Wi-Fi, a taimaka

Ƙanwar Rikkos: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min. Laftop ɗina ce ta tsiro da wani sabon hali, ina cikin aiki sai kawai sikirin ya koma shuɗi ta mutu ta sake tashi da kanta, kuma na lura sai na jona ta da Wi-Fi na wayata abin ke faruwa, in babu intanet sai in wuni ina rubutu lafiya lau. Furojet ɗina na ciki ga malamina na jira wallahi hankalina a tashe yake

Ɗan Gangare: Wa alaikumussalam. Zafi ne, ƙurar hunturu ta toshe fanka, ki kai a busa mata iska

Kawu na Bukuru: Zafi a Jos cikin Disamba? Haba ɗan nan, mu da muke kwana da safa

Ɗan Gangare: Kawu ai zafin ciki nake nufi ba na gari ba

Sarkin Data: Ki yi fomatin kawai ƙanwata ki huta, a sa miki sabon Windows magana ta ƙare

Injiniya na Terminus: Kar ki yi fomatin. Kafin komai ki kwashe furojet ɗin nan ki sa a filasha yanzu yanzu tun tana tashi. Sannan in shuɗin ya sake zuwa ki yi maza ki ɗauki hotonsa da waya, can ƙasa akwai layi biyu, ɗaya Stop code ɗaya What failed, su nake son gani. Zafi ba ya zaɓen lokacin da aka kunna Wi-Fi, kuma laftop da zafi ya kashe yawanci ɗif take yi ba ta tsayawa rubuta miki bayani

Ƙanwar Rikkos: To yaya na kwashe. Ga shi ta sake yi, an rubuta DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL sai a ƙasa Netwtw06.sys

Injiniya na Terminus: Yawwa ta faɗi mai laifin da bakinta. Duk fayil da ya fara da Netwtw direban katin Wi-Fi ne na Intel, direba kuwa shi ne ɗan furogiram ɗin da Windows ke sarrafa katin da shi. Don amfanin sauran 'yan zaure, in kun ga rtwlane.sys na Realtek ne, athw10x.sys ko Qcamain10x64.sys na Qualcomm Atheros ne, bcmwl63a.sys kuma Broadcom. Dalilin da ya sa ɗan wannan fayil ke kayar da kwamfuta gaba ɗaya shi ne direba ba kamar Chrome ko Word yake ba da in sun rikice sai su rufe su kaɗai, shi a can cikin ƙuryar Windows yake aiki, in ya taɓa wani wuri a memori da bai kamata ba ko a lokacin da bai kamata ba sai Windows ta gwammace ta tsayar da komai da ta bari bayanai su lalace, kamar mai gida ya ji ƙaurin waya a ɗaki ɗaya ya je ya kashe mita. Wa ya sa miki Windows ɗin?

Ƙanwar Rikkos: Yayana ne ya sayo min ita ta hannu, Beljiyam, a shagon aka sa Windows 10 sai na ga yaron ya soka wata filasha da ke zuba direbobi duka a lokaci ɗaya

Injiniya na Terminus: To ga inda gizo ke saƙar. Irin wannan tarin direbobin wasu sun shekara da shekaru a filasha ana yawo da su shago shago, abin da ya yi kama da katin kawai yake liƙa masa, ya yi aiki ranar a ba ki ki tafi gida, sai Windows ta yi abdet su fara rigima. Amma mu tabbatar tukuna. Danna dama a kan Start ki shiga Device Manager, buɗe Network adapters, wanda ke da Wireless ko Wi-Fi a sunansa ki danna masa dama ki zaɓi Disable device. Sai ki jona wayarki da kebul ɗin caja ki kunna USB tethering a wayar, intanet zai shigo ba ta katin ba. Ki yi lilo son ranki, in ba ta mutu ba mun kama shi

Malama mai Kwamfuta: Injiniya ya gama magana, ƙari ɗaya zan yi. Kar ki nemo direba da sunan laftop kawai, don samfuri ɗaya sai ki samu wata an sa mata katin Intel wata Realtek, balle ta hannu da ba a san wa ya buɗe ta a baya ba. A Properties na katin ki je Details ki zaɓi Hardware Ids, za ki ga VEN_ da lamba. 8086 Intel, 10EC Realtek, 168C Atheros, 14E4 Broadcom, 14C3 MediaTek. Wannan lambar daga jikin katin take fitowa ba daga direba ba shi ya sa na fi yarda da ita. Ki leƙa shafin Driver ma ki gaya mana kwanan watan da ke jiki

Ƙanwar Rikkos: Malama VEN_8086 ne, sunan kuma Dual Band Wireless-AC 8265, direban na 2018. Tun da na kashe katin nake ta kebul har YouTube na kalla ba ta yi ko gezau ba

Sarkin Data: Ni dai har yanzu fomatin ya fi sauƙi

Malama mai Kwamfuta: Ka yi fomatin a sake soka filashar nan, ka dawo inda ka baro ka ƙara da asarar fayiloli. Ƙanwata ki fara sauko da sabon direban ki ajiye a Desktop KAFIN ki cire tsohon. Daga nan Uninstall device, kuma ki tabbata kin yi wa ɗan akwatin nan alama mai cewa Delete the driver software for this device, in ba haka ba kina rista Windows za ta ɗauko tsohon ta mayar. Wani lokacin sai an maimaita cirewar don tsofaffin a jere suke wani bayan wani

Ɗan Gangare: A ina za ta sauko da shi, shafin Intel ko na kamfanin laftop ɗin?

Malama mai Kwamfuta: Ni na kamfanin laftop nake fara gwadawa, a sa siriyal lamba da ke ƙasan ta, masu Dell su sa Service Tag. Su suka gwada shi da BIOS ɗinsu, wato furogiram ɗin da ke tada laftop kafin Windows ta tashi

Injiniya na Terminus: Nan kam Malama mun ɗan saɓa. In laftop ta tsufa kamfanin kan daina sabunta shafinta, sai ki tarar abin da ke can bai fi wanda ke kanta sabunta ba. Katin Intel ni kai tsaye shafin Intel nake zuwa in rubuta lambar katin. Realtek da MediaTek ne na yarda a bi ta kamfanin laftop don nasu wahalar samu gare shi, kuma shafukan bogi masu manyan maɓallan Download sun yi yawa, ka je neman direba ka kwaso ƙwayar cuta

Malama mai Kwamfuta: Ba laifi, ta gwada naka in bai zauna ba ta dawo nawa. Amma a sani sabo ba kullum ya fi ba, wanda matsalarsa ta fara bayan abdet shi Roll Back Driver zai danna ya koma na baya, in maɓallin ya yi fari ba ya dannuwa to babu tsohon a ajiye sai an sa da hannu

Kawu na Bukuru: Tunda an zo wurin bari in shigar da tawa. Ni sai na rufe murfi na je masallaci na dawo na buɗe take yin shuɗin, ko in NEPA sun ɗauke ta koma batir. DRIVER_POWER_STATE_FAILURE take rubutawa

Injiniya na Terminus: Kawu taka 'yar uwar tata ce amma ta ɓangaren wuta, wata na'ura ce ake sa ta barci ta ƙi farkawa a kan lokaci kuma sau da yawa katin Wi-Fi ne. A Properties ɗinsa in akwai shafin Power Management ka cire alamar Allow the computer to turn off this device to save power. Sai Control Panel, Power Options, Change advanced power settings, ka mayar da Wireless Adapter Settings zuwa Maximum Performance a batir da kan wuta duka, Link State Power Management da ke ƙarƙashin PCI Express ka sa Off. Ka kashe Fast Startup ma, don in yana kunne Shut down ba mutuwa ce ta gaske ba, ajiye direbobin yake yadda suke ya dawo maka da su gobe da ciwonsu. Batir zai ɗan fi saurin sauka ka sani

Kawu na Bukuru: Allah ya yi albarka, bari yaran su dawo su nuna min wuraren

Oga Admin: Wanda tasa ba ta ma barinsa ya kai Device Manager fa, tana tashi tana faɗuwa?

Malama mai Kwamfuta: Ya fara kashe rawuta ko wayar da take kamawa da kanta, sau da yawa wannan kaɗai ya isa ta tsaya. In ta ƙi, a wurin sa fasuwod ya riƙe Shift ya danna Restart, Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, in ta tashi ya danna 4 ya shiga Safe Mode ya kashe katin daga can. Wanda kuma shuɗin ke wucewa kafin ya ɗau hoto, Windows na ajiye rahoton a C:\Windows\Minidump, furogiram ɗin BlueScreenView na buɗe shi kyauta. Sai dai yana yawan nuna ntoskrnl.exe mutum ya ɗauka Windows ce ta lalace alhali ita aka faɗa wa a kai, furogiram ɗin WinDbg ya fi tona asiri in ka rubuta masa !analyze -v. In ka ga ndis.sys ko netio.sys ko tcpip.sys to ka tuhumi VPN da antibairos ma, musamman waɗannan na kiraak da ake rabawa

Ƙanwar Rikkos: Alhamdulillah na cire tsohon na sa na Intel na kunna katin, tun la'asar nake kan Wi-Fi shiru. Yaya Injiniya, Malama, Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa

Injiniya na Terminus: Amin. Ki rubuta lambar direban a takarda kuma kar ki goge fayil ɗin, don Windows Update kan sauya direba ba sallama. In ta yi haka ki yi Roll Back, masu Windows Pro su shiga gpedit, wato Group Policy Editor, su kunna Do not include drivers with Windows Updates, Home ba ta da shi sai dai a nemo Change device installation settings a zaɓi No. Kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, in kin kare furojet ki kawo a duba ko za ta ɗauki 11

Sarkin Data: Oga ni tawa an sa direba kala kala ba ta daina ba, wani lokacin ma Wi-Fi ɗin ɓacewa yake gaba ɗaya ya bar alamar rawaya da Code 10. In sayi sabon katin Intel AX200 in sa?

Injiniya na Terminus: Kai da kake ta kiran fomatin ashe kana da naka majinyacin a gida. Taka ta fi kama da katin kansa, a buɗe a zare shi a goge a mayar a ɗaure sukurun, a duba 'yan wayoyin eriya biyun nan in sun zauna, a hankali don kansu saurin ɓallewa gare shi. Kafin ka sayi wani ka duba ramin, tsofaffi mini PCIe ne sababbi M.2, wasu kuma a like katin yake da bod ba ya cirowa. Kar a ba ka AX201 a ce ɗaya ne da AX200, shi 201 sai bod ɗin Intel mai CNVi da ya dace da shi, wato wanda aka gina wani ɓangaren Wi-Fi ɗin a cikinsa. Wasu tsofaffin ThinkPad da HP kuma BIOS ɗinsu ba ya karɓar baƙon kati, ThinkPad ta rubuta maka lambar kuskure 1802 ta ƙi tashi. In ba ka son wannan dogon zance ka kashe na cikin a Device Manager ka sayi ɗan Wi-Fi na USB ka soka, amma ka duba kwalin, ƙananan nan irin TL-WN725N 2.4GHz kawai suke kamawa

Sarkin Data: MiFi nake amfani da shi dama, 2.4 ɗin ya ishe ni. Gobe in na shigo Terminus zan biyo da ita ka fara duba ramin