Maƙwabciyata Baturiya ta raɗa wa karenta suna Lugard, in yi mata magana ko in ƙyale?

Maman Ikram, Sheffield:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai yau kwana biyar, ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a ƙasar nan.

Shekarata uku a Sheffield ina aikin jinya. Gidan da ke manne da namu na wata tsohuwa ce Baturiya, ta haura saba'in, ita kaɗai take zaune. Ranar da muka tare ita ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa, da ta ji daga inda muke sai ta ce mini "sannu da zuwa" da Hausa, na tsaya ina kallonta baki buɗe. Ashe a Kaduna aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne a zamanin Turawa, sun taso gab da samun 'yancin kai a 1960 tana 'yar shekara tara. Har yau akwai tim-tim na fata da tasoshin tagulla na Bida a falonta. In ina aikin dare ita ke fitar mini da bola ranar da motar kwasa za ta zo. Ban taɓa ganin sharrinta ba.

Tsohon karenta ya mutu bara. Makon jiya ta samo ɗan kwikwiyo mai gashi buzu-buzu a baki, ta kira ni ta kan shinge tana murna, ta ɗago shi ta ce in gaisa da Lugard. Wai gashin bakinsa ne ya tuna mata da hoton Gwamna Lugga, kuma ta san zan ji daɗi don ban manta da gida ba, ita ma ba ta manta ba.

Na yi murmushin dole na shige ɗaki. Ni Basakkwaciya ce ta wajen uwa. Kakata ta sha ba mu labarin kakanta, wanda ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, bai kuma dawo ba. Wasu sun ce a Burmi ya kwanta, ranar 27 ga Yuli da aka kashe Sarkin Musulmi da ɗaruruwan mutanensa. Wasu sun ce ya tsira ya kai Mai Wurno a Sudan. Matarsa ta zauna da goyo tana jira har ta tsufa. Yanzu kullum da asuba in na dawo daga aiki sai in ji ana kiran sunan nan a bayan tagata, da murya mai daɗi, ana ba shi abinci.

Tambayata biyu ce. Ita girmama shi take yi ko wulaƙanta shi? Sannan in faɗa mata abin da ke raina, ko in haɗiye don kada zamanmu ya ɓaci?

Baba Alhaji, Landan:

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya jiƙan magabata. Shekarata talatin da huɗu a garin nan, bari in amsa miki ta farko tukuna, ita ce mai sauƙi. Girmama shi take yi. Mu a wurinmu ka sa wa kare sunan mutum ka gama zaginsa, kin tuna a 2016 har kotu aka kai wani a jihar Ogun don ya kira karensa Buhari. Bature kuwa karensa ɗan gida ne, yana hawa kujera, yana da likitansa, in ya mutu a yi kuka. Ba ya ba shi sunan wanda yake ƙi.

Kuma ba ita kaɗai ba ce, gwamnatinsu ma haka take yi. Ofisoshin gwamnati a nan suna ajiye kyanwa saboda ɓeraye. Ta gidan Firaminista sunanta Larry, tun 2011 tana nan, wannan babu komai a ciki. Amma a 2016 ma'aikatar harkokin waje ta ɗauko muzuru ta sa masa Palmerston, Baitulmali ta ɗauko nata ta sa masa Gladstone. Jaridu suka yi ta buga hotunan faɗan Larry da Palmerston a bakin titi, mutane na dariya. Ni da na ji sunan Legas na tuna. Palmerston ne ministan harkokin waje da ya ba da izini aka kai wa Legas farmaki da jiragen ruwa a 1851, aka kori Kosoko aka ɗora Akitoye, kuma yana Firaminista aka sa Dosunmu ya sa hannu ya miƙa garin a 1861. Shi ne kuma ya ingiza yaƙin farko da ƙasar Sin a kan cinikin ofiyam, wanda ya ƙare da karɓe Hong Kong a 1842. Ni dai ban ga jaridar da ta haɗa muzurun nan da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Gladstone kuwa mahaifinsa na cikin waɗanda suka fi kowa kwasar diyya lokacin da aka 'yanta bayi, sama da fam 100,000 a kan bayi kimanin 2,500 a Guyana da Jamaika. Masu bayin aka biya, ba bayin ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Sarauniya Biktoriya. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar bazara ta Sarkin Sin a Beijing, sannan Ingilishi suka cinna mata wuta. Wani kyaftin ya ɗauko 'yar ƙaramar karya daga cikin fadar ya kawo wa Sarauniya tsaraba. Aka raɗa mata suna Looty, wato 'yar ganima. Har zanenta aka yi aka ajiye. Ba su ɓoye ba, domin a lokacin ba su ɗauke shi abin kunya ba.

Abin da na fahimta a zamana da su, mulkin mallaka a wurin yawancinsu abu ne da ya faru can nesa, a ƙasashe masu zafin rana, abin da ya iso gida kuwa shayi ne da sukari da kayan ado na falo. Maƙwabciyarki Kadunar da ta sani ta lambu ce da kuku da mai raino. Ba ta san Burmi ba, na yi imani da haka. Shawarata ki je ki same ta, ki bari ta haɗa miki shayinta, ki ba ta labarin kakan kakarki kamar yadda kika ba mu. Kada ki ce ta canza sunan. Ki ba ta labarin kawai.

Hauwa'u, Manchester:

Baba, Allah Ya ƙara girma, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma ban yarda cewa rashin sani ne kawai ba. A nan na girma, a nan nake koyar da tarihi a sakandare, kuma na ga yadda ake gina rashin sanin nan.

A manhajar Ingila ta 'yan shekara 11 zuwa 14, kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa ne kaɗai aka ambata da suna cewa dole a koyar. Daular Birtaniya tana ciki, amma misalanta zaɓi ne, malami ya ɗauka ko ya bari. Yaro zai iya gama makaranta ya haddace matan Sarki Henry na Takwas su shida, ya san an hana cinikin bayi a 1807, bai taɓa jin kisan Amritsar na 1919 a Indiya ko yunwar Bengal ta 1943 da ta ci mutum kusan miliyan uku ba, balle Satiru, ƙauyen nan na kusa da Sakkwato da ya yi wa Turawa tawaye aka murƙushe shi. Sannan akwai ɓoyewa ta gangan. Sai a 2011, bayan tsofaffin 'yan Mau Mau, masu yaƙin neman 'yancin Kenya, sun shigar da ƙara, gwamnati ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayiloli na ƙasashen da ta mallaka a Hanslope Park, ban da waɗanda aka ƙone kafin a sauke tuta. A 2013 ta biya fam miliyan 19.9, haɗe da kuɗin shari'a, ga mutum 5,228 da aka azabtar.

Kuma Anti, kada ki ɗauka duk bakinsu ɗaya. Kamfanin YouGov ya tambaye su a 2014, kashi 59 cikin ɗari suka ce daular abin alfahari ce. A wani binciken da ya fitar a 2020, masu alfahari kashi 32 ne, masu jin kunya 19, mafi yawa kuma suka ce ba wannan ba wancan. Wannan rukuni na tsakiya su ne nake haɗuwa da su kullum a ɗakin malamai. Su ne za su ce miki ai an shimfiɗa layin dogo, ai abu ya wuce.

Sun kuma san sunan dabba yana da nauyi, don sun yi rigima a kai su da kansu. Matuƙin jirgin yaƙin nan Guy Gibson, wanda ya jagoranci harin madatsun ruwan Jamus a watan Mayun 1943, yana da baƙin kare da ya sa wa kalmar zagin baƙar fata, wadda ba zan rubuta ba. Kabarin karen na sansanin Scampton. A 2020 rundunar sojan sama ta canza dutsen kabarin ta cire sunan, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke wai ana goge tarihi. A shekarar ce kuma hukumar National Trust ta fitar da rahoto kan gidajen tarihi 93 da ke da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka, ciki har da Chartwell, gidan Churchill, inda har yau ake ajiye jar kyanwa mai suna Jock bisa roƙon iyalinsa. 'Yan majalisa da jaridu suka yi wa hukumar ca. Kyanwar kowa na son ta, rahoton ne ba a so.

Saboda haka ni ina ganin ki faɗa mata sarai cewa sunan yana ɓata miki rai. Matar da ta iya riƙe "sannu da zuwa" shekara sittin da wani abu za ta iya ɗaukar gaskiya.

Malam Sani, Birmingham:

Hajiya, ni ina ganin ki ƙyale tsohuwar nan da karenta. Mu da aka yi wa abin me muka yi da sunan? Majalisar dokokin jihar Kaduna a ginin Lugard Hall take zama har gobe. Fatakwal sunan Lewis Harcourt ne, sakataren mulkin mallaka. Sunan ƙasar kanta Flora Shaw ce ta ba da shi a 1897, ita ce ta zama matar Lugga daga baya, kuma shi ke jikin fasfo ɗinmu duka. Satirun da Malama Hauwa'u ta ambata, a 1906 ba Turawa kaɗai suka je ba, da dakarun Sakkwato a tare da su. In za a yi gyara daga can ya kamata a fara. Maƙwabcin kirki a ƙasar nan wuyar samu gare shi, kuma haƙƙinsa babba ne a addini.

Maman Ikram, Sheffield:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Malam Sani, maganarka ta hana ni barci, don gaskiya ce, na wuce ta gaban ginin nan ba adadi ban taɓa jin komai ba. Amma can ba a kiran sunan a bayan tagata da asuba.

Na bi shawarar Baba. Ranar Lahadi na shiga wurinta, ta haɗa shayi, ɗan kwikwiyon na kwance a kan ƙafarta. Na ba ta labarin tun daga Sakkwato har Burmi, da matar da ta tsufa tana jira. Ban iya ƙarasawa da muryata daidai ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya ta ce ita abin da mahaifinta ya gaya mata shi ne Lugga ya hana farautar bayi ya kawo zaman lafiya, ba ta taɓa jin an yi yaƙi ba, ta ɗauka sarakuna ne suka yarda. Na ce mata bayin gaskiya ne, an yi, ba zan musa ba, amma da bindiga mai ruwa aka shigo.

Sai ta tashi ta ɗauko kundin hotuna. Akwai wani hoto, tana jaririya a bayan wata mata Bahaushiya da ta goya ta da zane, irin goyonmu sak. Ta ce wannan matar ce ta koya mata Hausar da ta rage mata, ta yi shekara bakwai tana rainonta, amma sunanta na farko kawai ta sani. Ba ta san garinsu ba, ba ta san ko tana da 'ya'yanta da ta bari a gida ba. A nan ita ce ta yi hawaye.

Malama Hauwa'u, na faɗa mata sarai cewa sunan yana sosa mini rai. Ba ta ce za ta canza ba, ni ma ban nema ba. Ta dai miƙo mini biro ta ce in rubuta mata Burmi da Satiru da Attahiru a takarda, ta manna a jikin firij. Jiya da safe na ji tana kiransa a lambu, "Lu, Lu," ban san ko gajartawa ce kawai irin tasu ba ko wani abu ne.

Ikram ce ta tambaye ni ina ne Burmin, muka buɗe taswira a waya muka samo yankin, can wajen Bajoga a jihar Gombe. Ta ce za ta nuna wa tsohuwar in ta dawo daga makaranta. Ni kuma na kira ƙanwar kakata a Sakkwato, ita kaɗai ta rage cikin masu labarin, na roƙe ta ta yi mini shi a saƙon murya tun daga farko, da sunayen duk waɗanda ta tuna sun tafi.