Shin rimiks yana ƙara wa waƙar asali kuɗin shiga?

Ɗalibi a Jos:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a fannin tattalin arziki, kuma idan na samu sarari nakan sake wa waƙoƙin Hausa kiɗa a kwamfuta, wato rimiks. Ina so binciken kammala karatuna ya duba ko fitar da rimiks yana ƙara wa waƙar asali masu saurare da kuɗin shiga. Na fara koyon Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, kuma niyyata in tattara adadin saurare daga manhajojin Audiomack, Boomplay da YouTube, in kwatanta kafin fitowar rimiks da bayanta. Shin wannan ya isa hujja?

Mai nazarin alƙaluma, Abuja:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayar tana da kyau, amma hanyar ba ta isa ba. Da wuya mawaƙi ya kashe kuɗin studiyo a kan waƙar da ta kwanta; galibi wadda ta fara tashe ita ake yi wa rimiks. Saboda haka idan ka ga adadi ya hau bayan fitowarsa, mai yiwuwa dama can hawa yake yi. Abin da ya kamata shi ne ka nemo rukuni na biyu, waƙoƙin da suka fito kusan lokaci ɗaya da irin farin jini ɗaya amma ba a taɓa su ba, sannan ka auna yadda tazarar da ke tsakanin rukunan biyu ta canza. Ka kula da lokaci ma, domin sauraren waƙa a wajenmu yakan ja baya da azumi, ya dawo da ƙarfi da Sallah da lokacin bukukuwa. Kuma lambar da ake gani a ƙarƙashin waƙa jimilla ce tun ranar da aka ɗora ta, don haka sai ka riƙa kwashe ta da kanka kowane mako, ko ka roƙi mawaƙan su buɗe maka shafinsu na ƙididdiga.

Mai studiyo, Jos:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ni damuwata a wajen kuɗin take. Saurare daban, kuɗi daban. Spotify, dandalin sauraren waƙa da ya shigo Najeriya a 2021, ba ya ƙirga saurare sai ya kai daƙiƙa 30, kuma abin da yake biya ya danganta da kuɗin da aka tara a ƙasar mai sauraren, shi ya sa Bahaushen da ke Ingila ya fi na unguwar Farin Gada a Jos kawo wa mawaƙi riba. Daga 2024 ma, waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba, ba a biyan komai a kan faifanta.

Sannan ka je kasuwar Taminus a nan Jos ka tsaya wajen masu tura waƙoƙi. Mutum zai miƙa memori, a cika masa ɗaruruwan waƙoƙi, ya koma unguwa ya raba su ta manhajar Xender, kuma babu manhajar da ta ƙirga ko ɗaya. A abin da nake gani, amfanin rimiks yana fitowa ne a gayyatar biki da kuɗin liƙi, don haka sai ka zauna da mawaƙan ka tambaye su. Kada ka manta da faɗuwar naira tun Yunin 2023 idan za ka kwatanta kuɗin shekaru daban-daban.

Lauya, Abuja:
Ɗan'uwa, ka raba rimiks mai izini da marar izini. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bar ikon sarrafa waƙa a hannun mai ita, kuma wannan ya shafi naka aikin. A YouTube, idan Content ID, tsarin da ke gano kayan masu haƙƙin mallaka a cikin bidiyo, ya gane faifan asali, mai haƙƙin yana iya toshe bidiyon ko ya karɓe kuɗin tallarsa, ka ga a nan kuɗi ya isa gare shi ba tare da adadin waƙarsa ya motsa ba.

Ɗalibi a Jos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, waƙoƙi nawa kake ganin za su wadatar a kowane rukuni?