Zanen zuriya: daga ina 2/3 ta fito?

Hafsat_200L: Assalamu alaikum. Ga tambayar da ta fito a jarrabawar baya: a zanen zuriya, miji da mata, layi biyu ya haɗa su, dukansu lafiya lau. 'Ya'yansu huɗu, an cike da'irar mace ɗaya da baƙi, alamar tana da cuta. Ana son salon gadon, da yiwuwar ƙanenta mai lafiya yana ɗauke da ƙwayar gadon cutar. Amsar da aka bayar 2/3 ce. Ba rabi ba ne?

Yaya_Sadiq: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tunda iyaye masu lafiya suka haifi mai cuta, ƙwayar ɓoyayyiya ce, ba mai rinjaye ba. Sannan mace ce ta kamu alhali ubanta lafiya, to ba a kan kromosom X take ba (kromosom na jinsi: mace XX, namiji XY). Da a kan X ne, sai ta karɓi X mai lahani daga uban, shi kuwa X ɗaya gare shi, dole cutar ta bayyana a jikinsa. Layi biyun auren zumunci ne, yana ƙarfafa zato amma ba hujja ba ne.

Ki ɗauki sikila. AS da AS suna ba da AA, AS, AS, SS. Rabi daidai ne kafin a haifi yaron. Amma an riga an ce miki lafiyarsa lau, sai ki cire SS. Saura uku, biyu daga ciki AS.

Maman_Ilham: Ƙari kaɗan. Ki fara neman uba mai cuta da ɗansa namiji mai cuta, wannan yakan kore X, domin Y uba ke ba ɗansa, sai dai in uwar ma tana ɗauke da ƙwayar. In maza ne kaɗai ke kamuwa ta wajen iyaye mata, X ce ɓoyayyiya, ki tuna himofiliya (ciwon rashin daskarewar jini) da ƙarancin G6PD (wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini). In duk 'ya'ya mata na uba mai cuta sun kamu, maza babu ko ɗaya, X ce mai rinjaye. In ta uwa kaɗai cutar ke sauka, ta mitokondiriya ce (sassan ƙwayar halitta masu samar da kuzari, daga uwa ake gadonsu). Ki kula, wani yana ɗauke da ƙwaya mai rinjaye amma ba ta nuna ba, sai zanen ya yi kamar an tsallake tsatso ɗaya.

Yaya_Sadiq: Sukan kuma ɗora: in ƙanen ya auri AS, yiwuwar ɗa SS ita ce 2/3 × 1/4 = 1/6. In ba a san jinin matar ba, ki ninka 1/6 ɗin da kason masu ɗauke da ƙwayar a cikin jama'a da aka ba ki. In 1/4 ne, amsa 1/24.

Hafsat_200L: Na gane yanzu. Allah ya saka da alheri.