Tebur goma sha ɗaya na ja, huɗu kacal suka fito a asusuna

Ɗan Autan Tebur:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, abin nan ya tsaya mini a rai tun jiya.

Shekara biyu ke nan ina buga Pathfinder Society bugu na biyu, wato wasan labari na kan tebur da kamfanin Paizo ke tsarawa: 'yan wasa kowa da jaruminsa, jagora ɗaya na jan labarin. Jarumina na farko, mai lamba 2001, mai warkarwa ne, shi kowa ke nema idan an ji ciwo a fagen fama. Ina ji da shi ƙwarai, har tarihin iyayensa na rubuta shafi uku, da dalilin da ya sa ya bar gida ya shiga ƙungiyar. Ana nan sai mai ja mana wasa ya ce aiki ya yi masa yawa, ba zai ci gaba ba. Kowa ya yi shiru, tebur na neman watsewa, sai na ce ni zan karɓa, alhali ban taɓa jan wasa ba. Kowane labari sau uku nake karanta shi, in zana taswira, in haddace dabarun dodanni, in gwada muryoyin mutanen ciki ni kaɗai a ɗaki. Wasan awa huɗu, shirinsa ya fi awa shida.

Wanda ya buɗe taronmu a shafin Paizo shi ke riƙe da lambar taron, shi ya ce in riƙa tura masa takardar sa hannu yana shigarwa. Jiya na duba ina sa ran ganin tambarina na farko, wato alamar da ake ba jagora bisa yawan teburan da ya ja, tunda tebur 10 ake nema ni kuwa na ja 11. Huɗu na tarar. Bakwai babu su babu alamarsu, da makin AcP ɗinsu, wato makin lada da ake tarawa a asusu, 8 a kowane tebur, 56 ke nan, kuma da su nake son buɗe wata ƙabila in gina sabon jarumi daga cikinta. Wata biyu mutumin bai amsa saƙona ba. Yaya zan yi?

Tsohon Jagora:
Wa alaikumus salam ƙanena. Maganin matsalar nan ɗaya ne, kuma na sha faɗa a nan: kada ka bar ladan teburinka a hannun wani. Duk mai asusu yana iya buɗe taro nasa. Ka buɗe yau, ka samu lambarka, ka shigar da bakwai ɗin da ranakunsu, magana ta ƙare. Ina jan wasa tun bugu na farko, lokacin da taurari ake bayarwa, na tara huɗu a can, na dawo na fara ƙirga daga sifili a bugu na biyu, ban taɓa jiran wani ya shigar mini ba. Matakan ba su canja ba: 10, 30, 60, 100, 150. Idan a na 10 kana jiran mutum, yaushe za ka kai 100?

Maman Dodanni:
Malam, a yi haƙuri, ban yarda da wannan ba. Takardun tarihin da ya raba wa 'yan wasa, wato shaidar wasan da ladan da jarumi ya samu, suna ɗauke da tsohuwar lambar taro. Idan ya shigar ƙarƙashin sabuwa, gobe mutumin ya farka ya shigar da nasa, wasa ɗaya ya fito sau biyu a kan jaruman mutane, su kuma ba su ji ba ba su gani ba. Ɗan'uwa, nemi jami'in sa-kai na yankinku, wakili ko Kyaftin, ka tura masa hotunan takardun sa hannun. Irin wannan gyaran aikinsu ne. Amma tsaya, kana da hotunan duka? Kuma lambobin 'yan wasan duk suna ciki?

Ɗan Autan Tebur:
Yaya, guda biyar ina da hotonsu. Biyun asalin takardar na ba shi hannu da hannu. Batun lamba kuwa, akwai sababbi uku da ban karɓi tasu ba, domin ba su da ita. Ranar farko ce suka zo, ban so in tare su da cika fom ba. Na fi son su ji daɗin wasan tukuna, kuma sun ji, biyu har yanzu suna zuwa.

Tsohon Jagora:
To ga inda gizo ke saƙar. Mai taro yana iya buga katunan sababbin lambobi daga shafin, ka miƙa wa baƙo ɗaya, ya yi rajista idan ya koma. Minti ɗaya ne. Wataƙila mutumin nan ya buɗe takardarka ya ga gurabe babu lamba, ya ajiye ta gefe.

Ɗan Autan Tebur:
Ko da haka ne ai sai ya gaya mini. Kuma babu wanda ya nuna mini katunan nan. Ni tebur na ceto, ba aikin ofis na nema ba.

Mai Dayis Ashirin:
Wallahi ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na ja labari na musamman a wani babban taro, irin wanda tebura da yawa ke bugawa lokaci guda, murya ta dishe, ko hutu ban samu ba. Wanda ke shigar da rahoto ya kuskure adadi ɗaya a lambata, ladan ya tafi wurin wanda ban ma sani ba. Ni kuwa na musamman ɗin nake tarawa, domin tambari na biyar ba tebur 150 kaɗai yake nema ba, sai da labarai 50 mabambanta, da na musamman 10, sannan manyan jami'ai su zauna su ga yadda kake jan wasa. Sai da na yi wata huɗu ina bibiya. Masu karɓar rahoto su ji tsoron Allah, wahalar mutum ce a cikin takardar nan.

'Yar Gidan Dodon Wuta:
Mu a Adventurers League, tsarin wasan D&D mai kama da wannan, kai ke rubuta awanninka da ladanka a takardarka, ba ka jiran kowa. Shi ya sa hankalina ya fi kwanciya a can.

Maman Dodanni:
'Yar'uwa, wannan ba zai dawo masa da bakwai ɗinsa ba. Ɗan Auta, wata tambaya: sha ɗayan nan duka cikakkun labarai ne? Gajerun ba a ƙirga su tebur guda cikakke, makinsu ma bai kai 8 ba.

Ɗan Autan Tebur:
Biyu gajeru ne, ranar da mutane suka makara. Amma shirin da na yi musu bai gaza na sauran ba. Sannan akwai labari ɗaya da na ja sau biyu ga mutane daban, na sa wa mai warkarwata takardar tarihinsa duka biyun, shi ya kai shi mataki na biyar.

Tsohon Jagora:
Subhanallah. Labarin yana da alamar maimaituwa? Idan ba shi da ita, takarda ɗaya kake samu a matsayin ɗan wasa, ɗaya a matsayin jagora, shi ke nan. Jan sa karo na biyu yana shiga ƙirgar tebur, takarda ce babu. Kuma ko mai maimaituwa ne, ba a ɗora shi sau biyu a kan jarumi ɗaya. Cire makin gogewa 4 ɗin nan. Maki 12 ke ɗaga mataki, ka sake lissafi, ina jin a na huɗu yake.

Ɗan Autan Tebur:
Malam, na riga na buga wasa biyu da shi a mataki na biyar, na saya masa kaya. Ba da gangan na yi ba, haka wanda ya bar mini teburin yake yi. Ban ga dalilin da zan rushe jarumin da na gina shekara biyu saboda takarda ɗaya ba. Kuma ba wannan na zo tambaya ba.

Maman Dodanni:
Kada ka cire komai da kanka tukuna. Haɗa shi cikin saƙon da za ka tura wa jami'in, ya gaya maka yadda za a daidaita.

Tsohon Jagora:
Ba sai an tashi Kyaftin ba a kan abin da ke rubuce a littafin ƙa'ida. Ya buɗe taronsa, ya gyara jaruminsa, ya ci gaba.

Mai Dayis Ashirin:
Ni dai tun daga ranar nan nake ɗaukar hoton kowace takarda kafin ta bar hannuna.

Ɗan Autan Tebur:
Na gode muku duka. Na sake tura wa mutumin saƙo yanzu, zan ba shi zuwa ƙarshen mako, domin ba na son in kai ƙararsa alhali shi ya fara kawo ni wasan nan. Su biyun da ba ni da hotonsu fa? Idan 'yan wasan suka turo mini hoton takardun tarihinsu da sa hannuna a jiki, za a karɓa?