Ƙanena ba ya iya gama jarrabawar JAMB, ina ake neman ƙarin lokaci?

Salamu alaikum. Muna Gusau. Ƙanena haruffa ke juye masa, b ta koma d, sai ya bi layi ɗaya sau uku da yatsa kafin ya gane. Amma in an karanta masa tambaya, nan take yake amsawa. Bara, tambaya 180 cikin awa 2, bai kai rabi ba kwamfuta ta rufe.

Mun samo takardar likita. Na kai ta cibiyar da muka yi rajista, mai ɗaukar hoton yatsa ya leƙa ya ce ai wannan na makafi ne, yaronku kuwa yana gani. Malaminsa ma lalaci ya kira abin.

Wa ake kai wa takardar nan, kafin a rufe rajista, don a ƙara masa lokaci?