Da wane suna za mu kira bikin Daytime Emmy da Hausa?

Jama'a, akwai sunan da ya kamata mu tsayar da shi a Hausa, domin duk shekara labarinsa yana fitowa daga Amurka, kuma mai rubuta labaran nishaɗi yakan rasa inda zai kama: ko ya ce kyauta, ko gasa, ko kuma ya bar sunan da Turanci ya wuce. Sunan shi ne Daytime Emmy. Ina da shawara a kansa, amma sai mun fara sanin abin da ake raɗa wa sunan.

Biki ne na shekara-shekara da ake karrama shirye-shiryen talabijin da ake nunawa da rana a Amurka, tare da 'yan wasansu da masu gabatar da su da marubutansu da masu ba da umarni. Emmy kanta ta soma ne a 1949, amma sai a 1974 aka ware wa shirye-shiryen rana nasu bikin na daban, aka yi na farko a birnin New York. Ginshiƙin bikin shi ne wasannin kwaikwayon da ake nunawa daga Litinin zuwa Juma'a shekara da shekaru ba tare da labarin ya ƙare ba, irin su General Hospital da yake tafiya tun 1963 da The Young and the Restless da ya fara a 1973, sannan shirye-shiryen hira da na girke-girke. Turawa suna danganta irin waɗannan wasanni da sabulu, har suna kiransu "soap opera", saboda kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne suka riƙa ɗaukar nauyinsu a rediyo tun shekarun 1930 domin tallata kaya ga matan da ke gida. Wannan ba mu buƙatar fassara shi, tunda masu kallon finafinan Hausa sun riga sun gama magana da suka ce "mai dogon zango".

Kalmar Emmy suna ne na yanka, a bar ta yadda take. Asalinta laƙabi ne da ma'aikatan talabijin na farko suke yi wa wata kwalba da ke cikin na'urar ɗaukar hoto, aka ɗan sauya shi ya zama sunan mace domin ya dace da abin da ake miƙawa, wato siffar mace mai fukafukai da ta ɗaga ƙwayar zarra sama da hannu biyu. Saboda haka idan muka ba ta jinsin mace a Hausa, muka ce "Emmy ta", mun yi daidai da asalinta. Siffar nan kuwa mutum-mutumi za mu kira ta. Kada a ce gunki, domin kalmar tana ɗauke da nauyin bauta a kunnen Bahaushe, kuma babu wannan a cikin zancen.

Sai abin da ake bayarwa. Na san an saba cewa "kyautar Nobel", kuma hakan ya zauna, domin Nobel tana tafe da kuɗi. Emmy ba ta da kuɗi ko kaɗan, mutum-mutumin ne kawai da darajar da ke biye da shi, don haka "kyauta" za ta sa mai karatu ya tambayi nawa aka samu. "Kofi" na filin ƙwallo ne, "kambu" kuma abu ne da ake riƙewa har sai wani ya zo ya karɓe, alhali wanda ya ci Emmy tasa ce har abada. "Lambar yabo" ita ce ta dace, kuma kowa ya san ta.

Inda aikin yake shi ne kalmar da ke nufin lokacin rana. "Yini" ta fara zuwa a rai, amma yini a Hausa yana nufin cinye ranar gaba ɗaya, shi ya sa muke cewa yinin biki ko an yini ana ruwa. Wanda ya ji "shirin yini" zai ɗauka shiri ne da ake farawa da safe sai magariba a tashi. "Na kullum" ma ba ta yi ba, domin tana faɗin yawan fitowar shirin ne, ta bar lokacinsa. Abin da ya rage shi ne "rana", kishiyar dare, sai dai tana da tarko biyu. Idan aka ce "ranar Emmy", an mayar da ita irin ranar ma'aikata ko ranar malamai. Idan kuma aka ce "bikin rana", an nuna cewa da rana ake taron, alhali a 1991 ma aka fara nuna shi da dare a talabijin. Dole ne "rana" ta jingina da shirye-shiryen, a ce "shirye-shiryen rana".

Wani zai ce ai rana ta yi wa ma'anar kaɗan, kuma yana da hujja. Tsohuwar ƙa'idar bikin ta ɗauki duk shirin da aka nuna daga ƙarfe 2 na dare zuwa ƙarfe 6 na yamma, wanda ya haɗa da lokacin da ko asalatu ba a kira ba. Sannan a ƙarshen 2021 masu shirya Emmy suka sanar cewa za su riƙa raba shirye-shirye bisa irinsu maimakon agogo, saboda kallo ta intanet ya rushe maganar lokaci. Daga nan shirye-shiryen yara suka samu nasu bikin a 2022, wasannin kacici-kacici da makamantansu suka koma wajen Emmy ta manyan shirye-shiryen dare a 2023, shi kuwa wasa mai dogon zango na Days of Our Lives ya bar tashar NBC ya koma manhajar Peacock a 2022 amma ya ci gaba da shiga wannan biki. A ganina wannan ya ƙara wa shawarar ƙarfi ne, domin su kansu masu abin sun riƙe sunan duk da agogon ya daina hukunci, ya zama sunan wani nau'in shiri. Hausa ma ta san irin haka, kamar yadda ake cewa makarantar dare ko da an fara karatun kafin duhu ya yi.

Saboda haka cikakken sunan da nake ba da shawara shi ne "bikin bayar da lambar yabo ta Emmy na shirye-shiryen rana". Ya yi tsawo ga kanun labari, shi ya sa bayan an ambace shi sau ɗaya sai a taƙaita a ce "Emmy ta rana", takwararta ta Primetime kuma, wato ta manyan shirye-shiryen dare, ta zama "Emmy ta dare".

Saura kalma ɗaya da ke tafiya da su, wato ta waɗanda aka ware sunayensu kafin a fitar da gwani. Su ba neman ƙuri'ar jama'a suke yi ba, abokan sana'arsu ne ke alƙalanci, don haka "waɗanda aka tsayar" ta fi "'yan takara" tsabta. Ga yadda duka za su zauna a jimla ɗaya: an tsayar da Susan Lucci sau 18 a Emmy ta rana saboda rawar da ta taka a wasa mai dogon zango na All My Children ba ta samu ba, sai a karo na 19, a shekarar 1999, aka miƙa mata lambar yabon.