Neman shawara: ɗalibaina suna son ganin murɗin kuromosom a saiwar albasa

Malamar bayoloji:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, kuma makon jiya muka yi gwajin rabuwar ƙwayar halitta. Na ɗora albasa uku a bakin kofunan shayi cike da ruwa, bayan kwana huɗu saiwoyi suka tsiro farare, muka yanke bakinsu, muka jiƙa a asid mai ɗumi, muka rina, muka danne da gilashi. Kuromosom, wato dunƙulallun zaren DNA masu ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta, sun fito kamar guntayen taliya, har murna ta kama ni, sai wata ɗaliba ta ɗago kai daga maikuroskof ta ce, "Malama, ina murɗin da aka zana a littafi?" Na rasa amsar da ba za ta zama kame-kame ba. Shin laifin hannuna ne, ko na na'urar, ko akwai dabarar da ban sani ba?

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam, Malama. Hannunki bai yi laifi ba, domin albasa kuromosom 16 gare ta, kuma duk wanda ya fito da su har ana iya ƙirgawa ya iya aikinsa. Matsalar ita ce a bakin saiwa murɗin yakan matse sosai, rini ya cike tsakaninsa, sai a ga sanda kawai. Magabata a cikin fure suka fi ganinsa. Tun a 1880 wani masanin tsirrai mai suna Baranetzky ya bayyana shi a cikin ƙwayoyin da ke haifar da garin fure na tsiron Tradescantia, inda kuromosom suke da girma kuma murɗinsu yake da faɗi. Wani ɗan gidan wannan tsiro yana nan birjik a garuruwanmu: shi ne wanda ake shukawa don ado a gaban ofisoshi, mai dogon ganye kore ta sama, shunayya ta ƙasa, da ƙananan furanni farare a cikin kwanso mai kama da kwalekwale. Kuromosom 12 ne da shi. Ki ɗebi furen tun yana ƙanƙani bai buɗe ba, ki ciro jakar garin da allura, ki fasa ta cikin ɗigon rini. Idan aka ɗan kara gilashin a kan tururin amoniya kafin rini, murɗin yakan sassauta. Sai dai ki gwada ke kaɗai tukuna, don sai an ɓata furanni da yawa kafin a dace da wanda yake daidai lokacin rabuwa.

Malami mai koyar da ilimin gado a jami'a:
Baba ya gama magana kan aikin hannu. Abin da zan ƙara, Malama, shi ne hoton littafin ya haɗa murɗi iri-iri a shafi guda, alhali ba na'ura ɗaya ce ta gano su ba. Zaren DNA, mai murɗin igiya biyu, kaurinsa nanomita 2 ne kacal (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma yakan naɗe kusan sau biyu a jikin dunƙulen furotin takwas da ake kira histon, har ya zama kamar carbi. Maikuroskof mai aiki da haske ba ya bambance abin da ya gaza kimanin nanomita 200, saboda haka ko sabo fil aka ba ki, waɗannan matakai ba za su ganu ba. Babban murɗi na ƙarshe kaɗai ake iya hangowa. Ki kuma gaya wa yaran dalilin naɗin, domin shi ne zai zauna musu: DNA ɗin albasa ya ninka na mutum kusan sau biyar, wanda ke cikin ƙwaya ɗaya zai kai mita 10 idan aka miƙe shi, kuma dole a raba shi gida biyu ba tare da ya sarƙe ko ya tsinke ba.

Malamin kimiyya a makarantar karkara:
Ni da ba ni da maikuroskof, da igiyar rama nake koyar da wannan darasi. Yara biyu su riƙe bakinta suna murɗawa, idan ta yi tauri sai su matso kusa da juna, nan take ta nannaɗe kanta, ta gajarce, ta yi kauri. Idan sun sake ta kuma ta warware, kamar yadda kuromosom ke yi bayan rabuwa. Tufka da warwara ke nan, amma mai amfani.

Malamin jami'a:
Misalin ya yi kyau, Malam, amma a faɗa musu cewa a cikin ƙwaya ba murɗawa kaɗai ake yi ba. Furotin mai suna kondensin yana lanƙwasa zaren ya yi ta fitar da zarge-zarge, su ne ake jerawa a kewayen tsakiyar kuromosom.

Malamar bayoloji:
Allah ya saka muku da alheri. Ashe tsiron yana bakin ofishin shugabarmu, kullum ina wuce shi. Baba, rinin da na yi amfani da shi a albasa zai yi wa furen, ko sai na nemi wani?